Babi na Shida: Mantou da Baozi, Burodin da Sinawa Ke Turarawa

Mantou curin fulawa ne da ruwa da yis wanda ake turarawa a kan tafasasshen ruwa har ya nuna. Fari ne, fatarsa sumul, ba shi da ɓawo, kuma idan aka danna shi da yatsa sai ya loɓa ya dawo yadda yake. Idan aka cusa masa nama ko ganye ko wake kafin a turara, sunansa ya koma baozi. A arewacin ƙasar Sin mantou abincin yau da kullum ne, ana cin sa da safe da rana da dare, da miya ko soyayyen ganye ko kunun gero. Masana yanayin ƙasa sukan raba Sin gida biyu da layin da ya bi tsaunukan Qinling da kogin Huai: kudu da layin ruwan sama ya wadata, shinkafa ce abinci, arewa da shi akwai sanyi da ƙarancin ruwa, alkama ce ke yi. Lardunan Shandong da Henan da Hebei da Shaanxi suna cikin wannan yanki na alkama, kuma a can ne mantou ya fi kafuwa.

Alkama baƙuwa ce a Sin. Daga yammacin Asiya ta shiga, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma ta daɗe ana dafa ta da tsabarta kamar gero. Sai a zamanin daular Han, wadda ta yi mulki daga shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 220 bayanta, dutsen niƙa mai juyawa ya bazu, gari ya samu a gidaje. A lokacin Sinawa sun riga sun shafe dubban shekaru suna turara hatsi a tukwanen ƙasa masu ƙofofi a gindi, don haka da fulawa ta zo hannunsu, tukunyar da suka sani suka sa ta. Wani marubuci mai suna Shu Xi ya ambaci mantou wajen shekara ta 300, kuma a wancan zamani da nama a cikinsa. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa Zhuge Liang, mashahurin mai dabarun yaƙi da ya rasu a 234, shi ya ƙirƙire shi don ya maye gurbin kawunan mutane da aka nemi a yi hadaya da su kafin rundunarsa ta ƙetare wani kogi. Wannan hikaya ce da aka rubuta ƙarnoni bayan rasuwarsa, ba tarihi tabbatacce ba. Abin da aka sani shi ne a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, sunan baozi ya bayyana, kuma sannu a hankali mutanen arewa suka keɓe shi ga mai cushe, suka bar wa maras cushe sunan mantou.

Wanda ya saba da alkubus ba zai ga wannan abinci bare ba, domin asalin aikin ɗaya ne: alkama, yis, tururi. Sai dai kwaɓin alkubus yana da ruwa-ruwa, a gwangwani ake zuba shi don ya samu abin da zai riƙe shi. Kwaɓin mantou kuwa mai tauri ne, shi ke tsayawa da ƙafarsa, kuma daga wannan tauri ne duk sauran ƙa'idojinsa suka fito.

Abin da tururi ke yi

Burodin gashi yana shan zafin da ya kai digiri 200 ko fiye a busasshiyar iska, shi ya sa bayansa ke bushewa ya yi ja ya zama ɓawo. Tururin tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, kuma a jiƙe yake. A irin wannan zafi sukari da furotin da ke cikin fulawa ba sa ƙonewa su yi ja, saboda haka mantou ke fitowa fari. Sitacin da ke bayansa yana shan danshi ya kumbura ya zama siririyar fata mai ɗan sheƙi. Wannan fata ita ce adon mantou, ita ce kuma mai tona asirin mai girki. Ɓawon burodi yana rufe kurakurai da yawa. Fatar mantou ba ta rufe komai. Kumfar iska guda da aka bari a ƙarƙashinta za ta fito kamar ƙurji, ɗigon ruwa guda daga murfi zai bar tabo. Kuma da yake babu ɓawon da zai tallafe shi, idan cikinsa bai yi ƙarfi ba sai ya saɓe da zarar an buɗe tukunya.

Kayan haɗi

Don samun mantou 12 matsakaita, ana bukatar fulawa giram 500, ruwa mililita 250 zuwa 270, busasshen yis giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sukari giram 25, da man girki babban cokali ɗaya. Mutanen arewacin Sin da yawa ba sa sa sukari ko mai, fulawa da ruwa da abin tashi kawai. Na kudu, musamman Guangdong, sun fi son mai zaƙi da laushi, sukan ƙara sukari, wani lokaci su yi kwaɓin da madara maimakon ruwa. Gishiri ba dole ba ne, tun da da miya ake ci.

Ma'auni ya fi gwangwani a nan. Fulawar da aka danna a kofi da wadda aka zuba sakwa-sakwa suna iya bambanta da kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan bambanci ya isa ya mayar da kwaɓi mai kyau ya zama dutse ko ya zama caɓi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce ruwa ya zama rabin nauyin fulawa ko ya ɗan haura kaɗan.

Fulawa mai matsakaicin ƙarfi ta fi dacewa, wadda furotin ɗinta ke tsakanin kashi 9 zuwa 11 cikin ɗari. Furotin ne ke haɗuwa da ruwa ya zama gulutin, wato danƙon da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. Fulawar masu gidan burodi tana da danƙo da yawa, mantou ɗinta yakan yi jan baki, wani lokaci ya yamutse bayan ya huce. Idan ita kaɗai ake samu, sai a ɗebe giram 50 daga cikin 500 a maye da garin sitacin masara. Game da fari kuwa, kada a damu idan mantou ya fito da ɗan ratsin ruwan madara. Launin alkama ke nan. Farin fat da ake gani a wasu shaguna daga fulawar da aka sa wa sinadarin hasken launi yake zuwa, kuma hukumomin Sin sun hana zuba irin waɗannan sinadarai guda biyu a fulawa tun watan Mayu na 2011.

Kwaɓi da tashin farko

Ana narkar da yis da sukari a ruwa mai ɗumi-ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 35, wanda yatsa ba zai ji zafinsa ba. Ruwan da ya kai digiri 55 zuwa 60 yana kashe yis. Sai a riƙa zuba ruwan a kan fulawa kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta zama gutsattsari, sannan a sa hannu a haɗe ta, a zuba mai. Da farko kwaɓin zai yi kamar ya bushe da yawa, kuma a nan ne mutane ke kuskuren ƙara ruwa. Abin da ya fi shi ne a rufe shi minti 10 fulawar ta sha ruwan da kanta, sannan a murza na minti 10 zuwa 12 da tafin hannu, ana turawa gaba ana ninkowa. Sinawa suna auna kammaluwar murji da abu uku: kwano ya fita tas, hannu ya fita tas, kwaɓi ya yi sumul.

Bayan haka a rufe shi da damshin ƙyalle ko murfi a bar shi ya ninka girmansa. Agogo ba abin dogaro ba ne sosai, domin zafin ɗaki ne ke yanke hukunci. A digiri 28 zuwa 30 yakan ɗauki kusan awa ɗaya. Da zafin bazara minti 35 na iya isa, har ma gara a yi kwaɓin da ruwan sanyi. Da sanyin hunturu yana iya haura awa biyu, kuma busasshiyar iskar lokacin tana sa masa ɓawo idan ba a rufe shi da kyau ba. Gwajin da aka saba shi ne a tsoma yatsa a fulawa a huda tsakiyar kwaɓin. Idan ramin ya rufe nan take, da saura. Idan ya tsaya yadda yake, ya yi. Idan gefensa ya rufta kuma warin tsami ya taso, ya wuce.

Murji na biyu

Wannan shi ne matakin da ya raba mantou mai kyau da wanda aka yi don a ce an yi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kwaɓin da ya tashi cike yake da ramuka manya da ƙanana. A burodin Turai ana lallaɓa waɗannan ramuka don su tsira. A mantou so ake a kashe su duka, domin tashi na biyu ya fara daga kwaɓi mai cikin bai ɗaya, ramukansa su fito ƙanana ƙwarai kuma daidai wa daida. Irin wannan ciki ne ke ba da laushin da ake nema, shi ne kuma ke iya ɗaukar nauyin kansa bayan an sauke.

Ana barbaɗa fulawa kaɗan a kan tebur, a murza kwaɓin da ƙarfi na minti 6 zuwa 8. Za a ji ƙarar kumfa tana fashewa a ƙarƙashin hannu. Hanyar tabbatarwa ita ce a yanka shi da wuƙa a duba: idan ana ganin ramuka a fuskar yankan, a ci gaba; idan ta yi lumui, an gama. A Shandong akan wuce nan, a riƙa zuba busasshiyar fulawa ana murje ta cikin kwaɓin har ya sha kaso mai yawa. Mantou ɗin da ke fitowa yana da nauyi, cikinsa hawa-hawa, ana iya ɓare shi falle-falle, kuma ɗanɗanon alkama ya fi fitowa a cikinsa. Wanda laushi yake nema sai ya taƙaita da abin da zai hana mannewa.

Siffa iri biyu ce aka fi yi. Ta farko, a shimfiɗa kwaɓin da sandar murji ya zama faifai mai kusurwa huɗu, a shafa masa ruwa kaɗan, a naɗe shi tam, a yanka gunduwa-gunduwa da wuƙa mai kaifi. Ta biyu, a raba shi curi 12 masu nauyin giram 65 ko kusa da haka, a murza kowanne daban ana tattaro gefensa zuwa ƙasa har samansa ya ɗaure ya yi santsi, sannan a mirgina shi tsakanin tafuka ya yi tsayi, domin zai baje kaɗan idan ya tashi. Akwai kuma huajuan, wanda ake shafa wa faifan mai da gishiri da yankakken ganyen albasa kafin a naɗe a murɗa. Aiki a wannan mataki yana son hanzari, don kada na farko su tashi kafin a gama na ƙarshe.

Tashi na biyu da turarawa

Kowane curi ana ɗora shi a kan ƙaramar takardar gashi ko ganyen kabeji, a jera a cikin abin turarawa da tazarar yatsu biyu, a rufe. Ba a so ya ninka girmansa wannan karon. Ya ƙaru da rabi ya wadatar, abin da ke ɗaukar minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai ɗumi. Alamarsa, idan aka ɗaga shi za a ji ya yi sauƙi a hannu, idan aka taɓa shi wurin zai dawo a hankali. Wanda bai kai ba yana fitowa ƙarami mai tauri. Wanda ya wuce yana kumbura sosai a tukunya, danƙonsa ya miƙe har ya gaji, sannan ya faɗi. A cikin kurakuran biyu na biyun ya fi yawa a ƙasashe masu zafi, saboda haka gara a ɗora da wuri kaɗan.

Sinawa suna turarawa a kwandunan gora masu hawa-hawa da ake ɗorawa a kan kasko. Fifikon gora shi ne murfinta saƙaƙƙe ne, yana shan danshi yana kuma barin tururi ya ɗan fita, don haka ruwa ba ya ɗiga a kan abinci. Madambacin ƙarfe yana yin aikin, muddin an naɗe murfinsa da tsabtataccen ƙyalle an ɗaure ta sama, nesa da wuta. Ruwan ƙasa kada ya kai inda zai taɓa mantou idan ya tafasa.

Idan curin ya gama tashi, a ɗora shi a kan ruwan da ya riga ya tafasa. Idan da ɗan saura, a fara da ruwan sanyi, ya ƙarasa tashi kafin zafi ya kama shi. Daga lokacin da tururi ya fara fita da ƙarfi ake ƙirga minti 12 zuwa 15, a kan wuta matsakaiciya mai ɗorewa, ba tare da an ɗaga murfi ba. Bayan an kashe wuta a bar tukunyar a rufe minti 3 zuwa 5. Cikin mantou mai zafi cike yake da tururi, kuma idan iska mai sanyi ta buge shi farat ɗaya, tururin ya koma ruwa kafin cikin ya daskare, sai fatar ta tsotse ta yamutse. Haka kuma kada a wuce minti 5, domin murfi zai fara zubo da ruwa. A ɗaga shi a karkace, ruwan ya gangara gefe.

Yawancin matsaloli ana iya gane tushensu daga kamanninsu. Tabo mai tauri mai launin toka, kamar wurin bai nuna ba, ɗigon ruwa ne. Ƙuraje a fata, murji na biyu ne bai isa ba. Ɗigo-ɗigon rawaya kuwa, ga masu sa bekin foda ko kanwa, su ne ba su narke sun gauraya ba.

Tsohon kwaɓi

Kafin yis na fakiti ya yaɗu, kuma har yau a ƙauyuka da wasu shaguna, da laomian ake tayar da mantou, wato guntun kwaɓin jiya da aka ajiye. Yana ɗauke da yis na ɗabi'a da ƙwayoyin da ke kawo tsami, don haka kwaɓin yakan yi tsami, sai a kashe shi da ruwan wani gishiri mai kaifi irin na kanwa, kamar yadda ake yi wa ƙullun waina. Gwaninta tana cikin sanin adadi. Idan ya yi kaɗan, mantou ya yi tsami ya ƙi tashi. Idan ya yi yawa, ya koma rawaya da ɗaci. Masu sana'ar sukan shinshina kwaɓin, ko su gasa ɗan guntu su duba launinsa kafin su ci gaba. Ƙamshinsa ya fi na yis ɗin fakiti zurfi, amma mai koyo ya fara da fakitin har hannunsa ya faɗa.

Baozi

Kwaɓin baozi shi ne na mantou, sai dai a ɗan ƙara masa ruwa don ya yi sauƙin naɗewa. Naman alade ne ya fi yawa a baozi na kasuwannin Sin, amma Musulmin ƙasar, irin su 'yan ƙabilar Hui na Ningxia da Gansu da unguwar Musulmi ta birnin Xi'an, da naman sa da na rago suke yi, kuma shagunansu suna ɗauke da alamar qingzhen, wato halal. Ga niƙaƙƙen nama giram 300 mai ɗan kitse, ana sa ganyen albasa, ɗanyar citta, ruwan waken soya mai gishiri, man riɗi da barkono kaɗan. Sirrin romon da ke cikin baozi shi ne a jiƙa citta da ganyen albasa a ruwa mililita 80 zuwa 100, a riƙa zuba ruwan a naman cokali-cokali ana juyawa ta gefe ɗaya har ya shanye ya yi danƙo. Kabeji ko wani ganye mai ruwa sai an barbaɗa masa gishiri an matse shi tukuna, in ba haka ba zai jiƙa gindin baozi ya hana shi tashi. Na zaƙi kuwa da dafaffen jan wake da aka niƙa da sukari ake cusa shi.

Curin giram 45 ake murzawa ya zama faifai mai faɗin tafin hannu, tsakiya da kauri, gefe siriri, domin gefen ne zai taru a sama ya yi kauri. Ana ɗora cushe a tsakiya, a kama baki da babban yatsa da manuni, a riƙa tattarawa ana juya faifan har a zagayo a rufe. Gidan Goubuli na birnin Tianjin, wanda aka kafa a 1858, ya yi suna da tattara 18 a kan kowane baozi. A gida goma ma ta isa, in dai bakin ya rufu ruwa ba zai fita ba. Mai ɗanyen nama a ciki yana bukatar minti 15 zuwa 18 a kan tururi.

Ajiya

Mantou ya fi daɗi da zafinsa. Idan ya huce sitacinsa yana sake ɗaurewa ya yi tauri, kuma sanyin firiji yana hanzarta hakan. Wanda za a ci washegari a sa shi a leda a rufe bayan ya huce sarai. Wanda zai daɗe a sa shi a firiza, inda yake yin wata guda ba tare da ya canza ba. Tururi ne ke dawo da laushinsa: minti 5 ga wanda ya kwana, minti 10 ga daskararre, ba sai an jira ya saki ba. Wanda ya riga ya yi tauri, mutanen arewacin Sin sukan yanka shi falle-falle su tsoma a kaɗaɗɗen ƙwai su soya a yi karin kumallo da shi. Baozi mai nama kuwa ba a barin sa a waje fiye da awa ɗaya a lokacin zafi.